FASHIN BAƘI: Wa ya zaɓa wa matashin Maradun ƙofar shiga intanet, wa ke gyara makullinta?

A ranar 1 ga Satumban 2021 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Gwamnati ta Jeka-ka-dawo da ke Kaya, a Ƙaramar Hukumar Maradun, suka kwashe ɗalibai 73 bisa alƙaluman 'yan sanda. Kwana biyu bayan haka Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, wanda shi ma ɗan Maradun ne. Da farko an ce mako biyu za a yi. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma Maradun da Bakura da Talata Mafara da sauran ƙananan hukumomi sai a ƙarshen Nuwamba gwamnan ya sanar da ɗage musu takunkumin.

An yi ta bayani kan abin da rufewar ta jawo wa ciniki da zumunci da masu sana'ar POS. Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi ba. A cikin waɗancan makonni kamfanin Google ya fitar da sababbin zubi uku na manhajar Chrome, wato 94 da 95 da 96, ya kuma aika gyare-gyaren gaggawa a ranakun 13 da 24 da 30 ga Satumba da 28 ga Oktoba, domin toshe kafofin da masu kutse suka riga suka fara bi. A watan Mayun 2022 sashen kamfanin da ke bin diddigin barazana ya bayyana cewa huɗu daga cikin kafofin nan an yi amfani da su wajen dasa manhajar leƙen asiri ta Predator, wadda kamfanin Cytrox ya ƙera, kuma masu samun goyon bayan gwamnatoci a ƙasashe irin su Masar da Girka da Kwaddebuwa da Madagaska ne suka saya. Najeriya ba ta cikin jerin. Sai dai kafar da ke cikin Chrome ta Alƙahira ita ce a cikin Chrome ta Maradun. Ranar da sabis ya dawo, wayoyin yankin sun komo intanet ɗauke da tsohuwar manhaja, bayan duniya ta gama sanin inda ɓarakarta take.

Wannan ya taso da tambayoyi biyu da suka shafi duk mai wayar zamani. Wa ya yanke cewa Chrome da Google ne za su tarbi mutum ranar da ya kunna sabuwar waya? Me ya sa gyaran da ake yi wa manhajar yake makalewa kafin ya iso garuruwa irin Maradun? Amsoshin biyu a jingine suke da juna, kuma dukansu sun bi ta kan kuɗi da doka.

Burauza daban, injin bincike daban

A bakin yawancin masu waya kalmar "Google" ta haɗe komai: akwatin da ake rubuta tambaya, da shafin da ya buɗe, da manhajar da ta buɗe shi. A zahiri abubuwa biyu ne. Burauza ita ce manhajar da ke ɗauko shafukan intanet ta baje su a fuskar waya, irin su Chrome da Firefox da Safari da Opera, da Phoenix da ake samu cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Injin bincike kuwa shi ke karɓar tambaya ya jero shafukan da yake ganin sun dace da ita, irin su Google da Bing na kamfanin Microsoft da DuckDuckGo. Idan aka kwatanta intanet da kasuwar Talata ta Mafara, burauza ce motar da ta kai mutum, injin bincike kuma dillalin da ya tare shi a bakin kasuwa yana nuna masa rumfar da zai fara shiga.

Kowannensu da irin ikonsa. Dillalin shi ke yanke wace jarida za a fara gani idan an nemi labarin hari ko sakamakon zaɓe, da wane shafi zai zo a sama idan an nemi wurin rajistar katin zaɓe ko neman bashin karatu. Motar kuwa lafiyar fasinja ce a hannunta. Duk shafin da aka buɗe tarin umarni ne da hotuna da rubutu daga wata kwamfuta da mai wayar bai sani ba, kuma burauza ce ke karanta umarnin ta aiwatar da shi a cikin wayar da ke ɗauke da asusun banki da hotuna da hirarrakin WhatsApp. An gina ta ne yadda za ta killace baƙon umarni a ɗaki guda, kada ya tsallaka sauran gidan. Amma manhaja ce mai layukan umarni miliyoyi, ba ta rasa kuskure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabuntawar da waya ke nema lokaci-lokaci yawancinta yaɓe ne na waɗannan tsagogi.

Kuɗin zama na farko

A watan Oktoban 2020 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka Google a kotu bisa zargin babakere a kasuwar bincike. Ranar 5 ga Agustan 2024 Mai Shari'a Amit Mehta na kotun tarayya da ke birnin Washington ya yanke cewa kamfanin ya mamaye kasuwar, kuma ya bi haramtattun hanyoyi wajen riƙe matsayinsa. Hukuncin ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka ta Google yake bi, a kan wayoyi kuwa ya kusa kashi 95.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kuɗin da shari'ar ta fallasa. A shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa da masu burauza, domin injinsa ya zama shi ne wanda aka ɗora tun asali. A 2022 kamfanin Apple shi kaɗai ya karɓi dala biliyan 20. Wani shaida ya faɗa wa kotun cewa Apple na samun kashi 36 cikin 100 na kuɗin tallan da binciken Google ya samar ta burauzar Safari. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin ya san cewa mutane ƙalilan ne ke shiga saitin waya su canja abin da suka tarar. Wanda ya zauna a kujerar farko shi ke samun tambayoyi mafi yawa, yawan tambayoyin ke ƙara wa injinsa ƙwarewa, ƙwarewar ke jawo masu talla, kuɗin tallan kuma ya sake sayen kujerar a shekara mai zuwa.

Google ya kare kansa da cewa mutane na zaɓarsa ne saboda ya fi sauran inganci, kuma alƙalin bai musa ingancin ba. Abin da ya gano shi ne yarjejeniyoyin sun toshe wa masu tasowa hanyar da za su kai ga jama'a har su goge. Gwamnatin Amurka ta nemi a tilasta wa kamfanin sayar da Chrome. A ranar 2 ga Satumban 2025 Mehta ya ƙi wannan buƙata. Ya haramta yarjejeniyar da ke hana abokin hulɗa ɗora wani injin, ya umarci Google ya ba wasu masu gogayya da shi wani ɓangare na bayanan bincike, amma ya bar shi ya ci gaba da biyan kuɗi. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne bayyanar manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda suka fara janye wasu masu tambaya daga tsohuwar hanyar bincike.

Yadda zaren ya iso Maradun

Mafi yawan wayoyin zamani da ke hannun matasan Zamfara na Android ne, kuma kaso mai tsoka na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel. Wayar Android da ba ta da rumbun manhajoji na Play Store da wuya ta samu mai saye. A watan Yulin 2018 Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro biliyan 4.34, saboda ya gindaya wa masu ƙera wayoyi sharaɗin cewa duk mai son Play Store sai ya ɗora injin binciken Google da Chrome. Daga baya kotu ta rage tarar zuwa kimanin yuro biliyan 4.1, amma ta tabbatar da ainihin laifin.

Sakamakon haka, tun daga 2020 wanda ya kunna sabuwar wayar Android a Turai yakan ga allo yana tambayarsa wane injin bincike yake so. Dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a watan Maris na 2024, ta faɗaɗa zaɓin ya haɗa da burauza. Hukumar gasa ta Indiya ta ci tarar Google a Oktoban 2022 kan irin wannan batu, kuma a Janairun 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai ba masu waya a can damar zaɓen injinsu. Japan ta ba shi umarnin daina irin waɗannan sharuɗɗa a Afrilun 2025. A nahiyar Afirka, hukumar gasa ta Afirka ta Kudu ta fitar da rahoto a Yulin 2023 da ya nuna yadda rinjayen Google ke danne ƙananan kamfanonin ƙasar a jerin sakamakon bincike, ta kuma gindaya masa gyare-gyare.

Wayar da aka sayo daga kasuwar Farm Centre ta Kano ko daga Gusau aka kai Maradun ba ta nuna wannan allo. Mai ita yana tarar da zaɓin an riga an yi masa. Alƙaluman kamfanin Statcounter sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na binciken intanet a Najeriya ta Google ake yin sa. Hukuncin Washington na kasuwar Amurka ne, na Turai na Turawa ne. Kowace ƙasa da ta samu sauyi, hukumarta ce ta tashi ta nema.

Me ya haɗa gasa da tsaro?

Tarihi ya riga ya ba da darasi ɗaya. Bayan Microsoft ya murƙushe burauzar Netscape a ƙarshen shekarun 1990, ya fitar da Internet Explorer 6 a 2001, sannan ya yi shekara biyar bai fitar da sabon zubi ba, sai a 2006. A tsakanin nan manhajar ta zama abin misali wajen yawan kafofin kutse. Fitowar Firefox a 2004 da Chrome a 2008 ce ta farkar da kasuwar, har sabuntawa a kai a kai ta zama al'ada. A 2021 Chrome ta koma fitar da sabon zubi duk mako huɗu, kuma tun Agustan 2023 tana aika gyaran tsaro kusan kowane mako.

Matsalar yau ta ɗauki wata siffa. Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke cikinsu uku ne kacal. Safari na da nata, Firefox na da nata, sauran kusan duka, har da Edge da Opera da Brave da burauzar Samsung, an gina su ne a kan Chromium, tushen da Google ke jagoranta. Duk manomi a Bakolori ya san haɗarin shuka iri ɗaya a dukan fadama: cutar da ta kama gona guda ta kama ta kowa. Idan aka gano kafa a Chromium, duk 'ya'yanta sun gada. Kuma da yake tushen a buɗe yake, da zarar an wallafa gyara masu kutse kan karanta shi su gane inda raunin yake, su far wa duk wanda bai sabunta ba. Saboda haka kwanakin da ke tsakanin fitar gyara da isowarsa cikin waya su ne mafi haɗari. Rahoton nan na Mayun 2022 ya kawo misali: a Agustan 2021 maharan sun yi dabarar tura wayar wanda suke hari daga Chrome zuwa burauzar Samsung, saboda ita tana kan tsohon Chromium da ba a toshe ba.

Wani lokaci ma raunin kan tsallake iyakar injinan uku. A Satumban 2023 aka gano kafa a cikin ƙaramar manhajar da ke buɗe hotuna nau'in WebP, bayan rahoton Apple da cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto. Hoto guda da aka shirya da mugun nufi ya isa ya buɗe hanya. Cikin 'yan kwanaki Chrome da Firefox da Edge da sauransu duk suka fitar da gyara. Wanda wayarsa ta karɓa ya tsira, wanda tasa ba ta karɓa ba ya ci gaba da yawo da ƙofa a buɗe.

A nan ne zancen ya sarƙe. Kula da tsaron burauza aiki ne mai cin kuɗi, ga shi kyauta ake ba da ita. Kuɗin daga tallan bincike yake fitowa. A watan Mayun 2025 shugaban sashen kuɗi na Mozilla, mai Firefox, ya shaida wa kotun Mehta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na abin da Firefox ke samarwa daga Google yake zuwa, kuma yanke shi na iya durƙusar da ita. Opera ma na karɓar nata kason. Wato kuɗin da kotu ta ce ya toshe gasa a kasuwar bincike, shi ne kuma ke ciyar da 'yan tsirarun da ke gogayya da Chrome. Wannan na cikin abin da ya sa alƙalin bai hana biyan ba.

Abin da ke tare gyara a hanya

Masu ƙera manhajojin nan sun gina tsarin sabuntawa ne bisa zaton cewa waya na kwana a gida mai intanet mara yankewa. Saitin asali na Play Store shi ne kada ya sabunta manhaja da kansa sai waya ta hau Wi-Fi. A Maradun da Bakura, inda kusan kowa da datar layinsa yake shiga intanet, waya na iya yin wata da watanni ba ta ga Wi-Fi ba, gyare-gyare na jere suna jira mai ita bai sani ba.

Wanda ya sani ma sai ya yi lissafi. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, wanda ya sayi datar kwana ɗaya don duba sakamako ko tura aiki, da wuya ya sadaukar da ita ga gyaran da ba zai ga amfaninsa da ido ba. Ga ƙarancin wurin ajiya a ƙananan wayoyi, inda sabuntawa kan tsaya sai an goge hotuna ko bidiyo. Ga al'adar tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender, ko karɓa wurin masu tura waƙoƙi da finafinai a bakin kasuwa. Hanya ce mai sauƙi, amma abin da ke yawo a cikinta yawanci tsohon zubi ne, wani lokaci ma wanda wani ya buɗe ya cusa wa abin da ba a sani ba.

Sai babbar matsala, wato tsufan waya. Chrome 138 ce ta ƙarshe da ke aiki a kan Android 8 da 9. Daga Agustan 2025 sai waya mai Android 10 ko sama da haka ke samun sabon zubi. Wayoyi irin su Infinix Hot 8 da Tecno Spark 4, waɗanda suka fito a 2019 da Android 9, har yanzu suna hannun jama'a, ana kuma sake sayar da su a gwanjo. Chrome ɗin da ke cikinsu na buɗe shafuka lafiya ƙalau, abin da ya sa mai ita ba zai ga alamar komai ba, alhali duk kafar da aka gano daga wancan lokaci a buɗe take. Haka abin yake a shagunan kwamfuta da ake cike takardun neman aiki da na makaranta: Chrome 109 ta Janairun 2023 ce ta ƙarshe ga Windows 7, kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 kyauta ga kowa ranar 14 ga Oktoban 2025.

A wannan gaɓa ce amfanin gasa ya fito fili ga talaka. Bayan Chrome ta juya wa Android 8 da 9 baya, Firefox ta ci gaba da aika musu sabuntawa. Da a ce burauza ɗaya ce a duniya, da mai tsohuwar waya ba shi da mafita sai sayen sabuwa.

Opera Mini, wadda ta samu karɓuwa a Najeriya saboda tsimin data, tana da nata sharaɗin. A yanayinta na matsanancin tsimi, shafi kan fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, su buɗe shi su matse shi, sannan su turo wa waya. Hakan na nufin ko shafin da aka kulle da sirri sai an kwance shi a tsakiyar hanya. Ga karanta labarai babu laifi. Ga shiga asusun banki ko aika abin da ake son sakayawa, akwai abin dubawa.

Wa abin ya shafa?

Ga yawancin mutane barazanar ta kuɗi ce. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, hada-hadar yau da kullum ta ƙara komawa cikin waya. 'Yan damfara sun bi sawu da shafukan bogi na tallafin gwamnati da ɗaukar aiki da bashin karatu, suna yaɗa adireshinsu a WhatsApp da Facebook, wani lokaci har su sayi talla a injin bincike domin shafinsu ya hau saman na gaskiya. Burauzar zamani na ɗauke da tsarin da ke gargaɗi idan an nufi shafin da aka san na yaudara ne. Amma babu sabuntawar da za ta ceci wanda ya rubuta lambar sirrinsa da hannunsa a shafin da bai tantance ba.

Ga 'yan jarida da masu fafutuka da matasan da ke cikin harkar siyasa kuwa, abin ya wuce kuɗi. A 2023 tsohon ɗan majalisar Masar Ahmed Eltantawy ya bayyana niyyar tsayawa takarar shugaban ƙasa. Binciken Citizen Lab da Google ya gano cewa tsakanin Mayu da Satumba na shekarar an yi ta ƙoƙarin dasa masa Predator, ta saƙonni masu ɗauke da adireshi, da kuma ta karkatar da wayarsa zuwa shafin tarko a duk lokacin da ya buɗe wani shafin da ba shi da kullen sirri. Wayarsa iPhone ce, kuma Apple ya fitar da gyara ranar 21 ga Satumba. Google ya ce maharan na da irin wannan makami na wayoyin Android, wanda ke bi ta wata kafa a Chrome. Irin waɗannan makamai suna da tsada ranar da suke sababbi. Da zarar an toshe kafar aka wallafa bayaninta, sai farashinsu ya faɗi, ƙananan ɓarayi su ɗauka su nufi masu tsofaffin wayoyi. A yankin da wayar mutum ke iya ƙunsar sunan wanda ya ba jami'an tsaro bayani ko wanda ya yi magana da ɗan jarida, fallasar abin da ke cikinta na iya zama batun rai.

Abin da ke hannun mai waya

Mataki na farko shi ne buɗe Play Store, a taɓa hoton asusu da ke sama, a shiga "Manage apps & device", a duba abin da ke jiran sabuntawa. Idan data ba ta isa a yi duka ba, a fara da burauza da manhajar "Android System WebView", wadda manhajoji da yawa ke amfani da ita wajen buɗe shafuka a cikinsu. Yin haka sau biyu a wata ya fi barin sa sai an tuna, kuma datar dare mai rahusa ta wadatar.

Na biyu, a duba zubin Android a saitin waya, ƙarƙashin "About phone". Idan 8 ne ko 9, a sauke Firefox daga Play Store a mayar da ita burauzar yau da kullum. Idan ya gaza haka, bai kamata wayar ta ci gaba da ɗaukar harkar banki ko wata magana mai nauyi ba.

Na uku, a rage tarkace. Kowace burauza da aka bari cikin waya ba a sabunta ta ƙarin ƙofa ce. Wadda ba a amfani da ita a cire ta, ko a dakatar da ita idan ba ta ciruwa. Manhajar da aka karɓa ta Xender a sake sauke ta daga rumbun asali.

Na huɗu, injin bincike ana canja shi. A cikin Chrome ana shiga "Settings" sannan "Search engine". Gwada tambaya ɗaya a injina biyu kan nuna cewa jerin da mutum ya saba gani zaɓin wani kamfani ne. Kuma a kowane inji, sakamakon da aka yi wa alamar talla kuɗi ne ya kai shi sama. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya yawanci da .gov.ng suke ƙarewa, kuma rubuta adireshin kai tsaye ya fi bin wanda aka turo a zaure.

A kwamfuta, sabuntawa ba ta kammala sai an rufe burauzar an sake buɗe ta. Mai cike takarda a shagon kwamfuta ya tabbata ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, kada kuma ya yarda burauzar shagon ta adana kalmar sirrinsa.

Abin da ya rage ga hukumomi

Najeriya ba ta rasa doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba ta ikon bincikar duk kamfanin da ya yi amfani da rinjayensa wajen danne wasu. Hukumar ta nuna tana iyawa: a Yulin 2024 ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, kuma kotun sauraron ƙorafin gasa ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumarta, NDPC. Tambayar da ta dace matasa su yi ita ce me ya hana a duba sharuɗɗan da ake ɗora manhajoji a wayoyin da ake shigowa da su, kamar yadda Indiya da Japan suka yi, a kuma wajabta wa masu ƙera waya su rubuta a jikin kwali shekarun da za su yi suna aika gyaran tsaro.

Hukumar NITDA da NCC da cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro duk sukan fitar da gargaɗi idan an gano babbar kafa a Chrome. Gargaɗin kan fito da Turanci, a shafukan intanet da jaridun birni, cike da lambobin da sai ƙwararre ke ganewa. Jimla uku da Hausa a gidan rediyon jiha, ko saƙon tes ta layukan da NCC ke kula da su, za su kai inda sanarwar Abuja ba ta kaiwa. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Jihar Zamfara, ZITDA, na da hurumin ɗaukar wannan aiki. NCC kuma na iya zama da kamfanonin sadarwa kan cire kuɗin data daga gyaran tsaro na burauza, tunda sun saba ba da garaɓasa ga manhajojin hira da nishaɗi.

Sannan akwai batun rufe layuka. Duk gwamnatin da za ta sake ɗaukar irin matakin 2021 ya kamata a tambaye ta wa'adinsa, da wanda zai sa ido a kai, da tanadin da ta yi wa ranar buɗewa. Mazaɓar Bakura da Maradun na da wakili a Majalisar Wakilai, Zamfara ta Yamma na da sanata, kuma kwamitocin majalisun biyu ne ke bin kadin NCC da NITDA da FCCPC. Yayin da zaɓen 2027 ke matsowa, 'yan takara za su riƙa zuwa neman ƙuri'a ta cikin wayoyin nan. Masu wayoyin na da damar tambayarsu abin da suka tanada domin tsare su.